Waƙar Da Saurayi Ya Rubuta, Tsoho Ya Rera



Kwanakin baya ɗan ƙanwata, wanda ke aji biyu a jami'a, ya same ni a zaure bayan sallar isha'i ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Kawu, don Allah dubi wannan. Kalmomin ina jin su ɗaya-ɗaya, amma ban san dalilin da ya sa jikina yake mutuwa duk lokacin da na saurara ba." Na karɓa, sai ga wani tsohon Bature, gashi ya yi fari, fuska ta kumbura, yatsu na rawa a kan jita, murya kuma tana fita da ƙyar kamar ta wanda ya hau tudu. Na gane shi nan take. Johnny Cash ne, mawaƙin Amurka, waƙar kuwa ita ce "Hurt", kalmar da ke nufin ciwo, take kuma nufin ji wa wani ciwo. Ba mu tashi ba sai wajen sha biyun dare. Abin da na gaya masa shi nake so ku ma ku ji, ƙannena maza da mata. Na san a cikinku akwai wanda ba ya sauraron kiɗa, ban kuma zo in ce ya fara ba. Labarin kaɗai ya ishe mu.

Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne, tsohon nan ba shi ya rubuta waƙar ba. Wani saurayi ne mai suna Trent Reznor, jagoran ƙungiyar mawaƙa ta Nine Inch Nails. Ta fito a 1994, yana da shekara 28, ita ce ta rufe faifansa mai suna The Downward Spiral, wato gangarowar da mutum ke yi yana juyawa yana ƙara nutsewa, kamar ruwa a cikin mazurari. Faifan labarin mutum ɗaya ne da ke warware duk igiyar da ke riƙe da shi, ta imani da ta ƙauna da ta mutunci. Yawancin kiɗansa hayaniya ce, sai a waƙar ƙarshe komai ya lafa, aka bar mutumin shi kaɗai a ɗaki yana duba ɓarnar da ya yi.

Mai magana a cikin waƙar mutum ne da zuciyarsa ta dakushe, daɗi ba ya shigarsa, baƙin ciki ma ya daina ratsa shi, har ya koma azabtar da jikinsa don ya san ko da sauran rai a tare da shi. An ambaci allura, wadda masu sauraro suka fahimta da allurar maye. Ya nemi mantuwa a cikinta, bai samu ba. Mutanensa sun janye jiki ɗaya bayan ɗaya, dukiyar da ya tara ta zama ba ta da daraja a idonsa. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda ya juya ga mutum ɗaya da ya rage masa yana gargaɗinsa cewa zama da shi ba zai haifar masa da komai ba sai hawaye. Waƙar ta ƙare da burin a ce ana sake rayuwa daga farko.

Mu ma muna da waƙoƙin gargaɗi a kan shaye-shaye. Duk wanda ya yi Hausa a sakandare zai tuna Waƙar Giya ta Mu'azu Haɗeja. Sai dai yawancin namu malami ne yake tsaye a waje yana nuna mashayi da yatsa, yana lissafa masa abin kunyarsa. A wannan kuwa mashayin ne da kansa yake magana daga cikin ramin, ba ya kare kansa, ba ya ɗora wa kowa laifi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya sa jikin ɗan ƙanwata yake mutuwa ke nan, ko da bai iya faɗa ba.

To, rubuta waƙar bai tsirar da mai ita ba. Bayan faifan ya yi kasuwa, kuɗi da suna suka zo, Reznor ya ƙara dulmiya cikin giya da hodar iblis. A shekarar 2000, a birnin Landan, ya shaƙi wata hoda yana zaton wadda ya saba ce, ashe hiroyin ce, sai a asibiti ya farfaɗo. Mutumin da ya zana ramin da hannunsa, ya nuna wa duniya zurfinsa, shekara 6 bayan haka an tsamo shi daga cikinsa rai a hannun Allah. Ku riƙe wannan, domin da yawanku kun san illar abin da kuke sha fiye da yadda iyayenku suka sani. Kuna iya yi wa wani lacca a kai. Sanin illa daban, bari daban.

Shi kuma tsohon, an haife shi a 1932 a jihar Arkansas, ɗan talakawa manoman auduga. Yana da shekara 12 injin tsaga katako ya kama yayansa Jack, wanda ya fi shaƙuwa da shi a duniya. A ranar shi Cash ya tafi kamun kifi. Jack ya yi kusan mako yana jinya ya rasu, kuma Cash bai daina maganar wannan rashi ba har tsufansa. Bayan ya gama aikin sojan sama a Jamus ya fara waƙa a birnin Memphis a 1955, nan da nan sunansa ya zagaye ƙasar. Suna ya zo da wahalarsa: yau wasa a wannan gari, gobe a wani mai nisan ɗaruruwan kilomita, tuƙi cikin dare, ba barci. A nan ya haɗu da ƙwayar amfetamin, mai kore barci da gajiya, wadda a zamanin likitoci ke rubuta wa mutane ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Da ta hana shi runtsawa sai ya nemi wata ƙwayar mai sa barci. Ya zama yana shan ɗaya don ya tashi, yana shan ɗaya don ya kwanta.

Shekarar 1965 ita ce ta tona asiri. Motarsa ta tayar da gobara a wani dajin gwamnati a California, eka sama da 500 suka ƙone, gwamnati ta kai shi kotu. A watan Oktoba aka kama shi a garin El Paso, kan iyaka da Meziko, da ƙwayoyi sama da 1,000 a ɓoye cikin akwatin jitarsa. A 1966 matarsa Vivian, uwar 'ya'yansa mata 4, ta nemi a raba auren. Mawaƙiya June Carter da iyayenta su suka tsaya a kansa har ya ɗan dawo hayyacinsa, suka yi aure a 1968, shekarar da ya yi shahararren wasansa a gidan yarin Folsom. Kowa ya ce ya warke. A farkon shekarun 1980 wata jimina da yake kiwo ta shure shi ta karya masa haƙarƙari, aka ba shi maganin kashe zafi a asibiti, tsohon sabo ya farka. A 1983 sai ga shi a cibiyar Betty Ford ta masu jinyar shaye-shaye, kuma ba shi ne zuwansa na ƙarshe irin wannan wuri ba. Hausawa suka ce sabo turken wawa. Mutumin nan ba wawa ba ne, amma turken ya riƙe shi shekaru da dama.

Wannan shi ne mutumin da mai shirya waƙoƙi Rick Rubin ya kai wa waƙar saurayin. A 2002 Cash yana da shekara 70, ciwon suga ya ci jikinsa, ido ya yi rauni, numfashi ba ya kai ƙarshen baiti. Ya rera ta a haka. Mark Romanek ya ɗauki hoton bidiyon a gidansa da ke Hendersonville, kusa da Nashville, da kuma gidan tarihin da aka gina don ajiye kayan shahararsa, wanda a lokacin an riga an rufe shi. Ana nuna kantoci wayam, da lambar yabo mai gilashi a fashe, ana sako hotunansa na ƙuruciya yana tafe da ƙarfinsa, sannan a dawo kan fuskarsa ta yanzu. Yana zaune gaban teburi cike da abinci ba mai taya shi ci, ya ɗaga kofin giya da hannu mai karkarwa ya tuttular a kai. June tana tsaye a kan matakala tana dubansa, irin duban matar da ta ga komai. A ƙarshe ya rufe murfin fiyano ya shafa shi da tafukansa.

June ta rasu ranar 15 ga Mayu, 2003. Shi kuma ya bi ta ranar 12 ga Satumba, ba a cika wata 4 ba. Gidan da aka ɗauki hoton ma gobara ta cinye shi a 2007. Reznor ya faɗa a hira cewa da farko bai ji daɗin jin waƙarsa a bakin wani ba, amma da ya kalli bidiyon ya san ta tashi daga tasa.

Ɗan ƙanwata ya ce, "To Kawu, ma'anar wace ce, ta saurayin ko ta tsohon?" Na ce duka biyun, domin kalmomin kusan ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne yawan kwanan da ya rage wa mai faɗarsu. Idan ɗan shekara 28 ya ce mutanensa suna watsewa, tsoro ne yake faɗa, domin suna nan da rai, yana iya bin su gida ya ba su haƙuri. Idan ɗan shekara 70 ya faɗa, lissafin kaburbura yake yi. Burin sake rayuwa a bakin saurayi shawara ce da zai iya zartarwa gobe da safe, a bakin tsoho kuwa ya zama da-na-sani, wadda aka ce ƙeya ce. Reznor ya zartar da tasa. Ya shiga jinya a 2001 ya bar shaye-shaye, ya yi aure ya haifi 'ya'ya, a 2011 ya karɓi kyautar Oscar saboda kiɗan da ya yi wa fim ɗin The Social Network, ya sake karɓar wata a 2021. Ku da kuke karanta wannan, a layin saurayin kuke. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya hore mu da ribatar abubuwa 5 kafin 5 su zo, a cikinsu akwai ƙuruciya kafin tsufa da lafiya kafin ciwo. Ban taɓa ganin hoton da ya fassara mini wannan hadisi kamar hannun tsohon nan a kan murfin fiyano ba.

Ku lura da yadda abin ya shigo wa Cash. Ba a mashaya ya fara ba, a wurin neman abinci ya fara. Haka yake shigo wa direban da zai kwana a hanyar Legas, da lebura mai ɗaukar bulo, da ɗan a-daidaita-sahu mai son cika balas, da ɗalibar da jarrabawa ta matso. Kowa da hujjarsa, kuma hujjar ba ƙarya ba ce, gajiyar gaskiya ce. Amma ƙwaya ba ta ƙirƙirar ƙarfi. Na gobe take ranto maka yau, kuma bashi ne mai ruwa. Jiki yana sabawa, abin da guda ɗaya ta yi maka a watan jiya sai biyu za su yi a wannan watan. Tun kana sha don ka ji daɗi, har ka koma sha don kawai ka iya tashi ka yi wanka kamar kowa. Tiramol da likita ke rubutawa mai miligiram 50 ce ko 100. Wadda ake sayarwa a bayan tasha tana kai 200 ko 225, ita ce ke kayar da samari suna jijjiga kamar masu farfaɗiya. Dakushewar zuciyar da waƙar ta fara da ita, ƙarshen wannan hanya ce.

Kada kuma wani ya ce wannan ciwon Turawa ne. A watan Mayun 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC da ya nuna abin da yake yi wa matasa, har da na Kano. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin kowane 4 mace ce. Saboda haka ƙannena mata, da ku nake. Kwalbar da ake juyewa cikin lemo a gidan biki, da wadda amarya ke ɓoyewa a ƙasan akwati don ta manta da halin miji ko na kishiya, duk gangaren nan ne. Haka cacar ƙwallo ta waya, wadda ba ta da wari ba ta sa ido ja, amma tana cin kuɗin makaranta tana koya wa yaro ƙarya.

Akwai wata magana da nake yawan ji a majalisar samari: "Jikina ne, kuɗina ne, wa na cuta?" Waƙar nan ta ba da amsa tun a sunanta, domin kalma ɗaya ce ta ɗauki ciwon da kake ji da wanda kake ji wa wani. Ka tambayi 'ya'yan Cash mata da suka tashi uba ba ya gida, in ya dawo ma ba a san da wace fuska zai shigo ba. Ka tambayi uwar da ke kwana da kunne a ƙofa, wadda ta koma ɗaure kuɗin cefane a bakin zane saboda ɗan da ta haifa. Mutane ba sa guduwa rana ɗaya. Aboki na kirki ya daina kira, yarinyar da kake nema iyayenta su yi bincike su ba wani, maigidanka a kasuwa ya daina barin ka a shago kai kaɗai. Ranar da ka waiga, sai ka tarar saura abokan shan, su kuma ranar da aljihunka ya bushe ba za ka gan su ba.

Ga wanda ya riga ya fara, ga abin da zan ce. Ka zauna ka tambayi kanka wane ciwo kake rufewa. Rashin aiki ne, ko mutuwar wani, ko wulaƙancin gida, ko wani abu da aka yi maka kana ƙarami ba ka taɓa gaya wa kowa ba? In ba a taɓa wannan ba, ko ka bar kwalba za ka kama wani abin. Sannan ka nemi mutum ɗaya mai riƙon amana ka buɗe masa cikinka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka je wurin likita, domin wanda jikinsa ya saba da tiramol ko kodin ko roci, yanke su dare ɗaya yana zuwa da ciwon jiki da zufa da rashin barci, wani lokacin har da jijjiga, shi ya sa da yawa suke komawa a kwana na uku. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau, kuma zuwa can ba ya nufin ka haukace. Ka canza majalisa, ka goge lambar dila. In ka zame ka sake sha, kada Shaiɗan ya ce maka ai shi ke nan. Cash ya faɗi ya tashi ba sau ɗaya ba. Ƙofar tuba kuma a buɗe take matuƙar rai bai kai ga gargara ba.

Ku kuma da Allah ya tsare, ku iya bakinku. Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa ana yi masa haddi saboda giya. Wata rana wani ya tsine masa, sai Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta laifin, ba a jefar da mutumin ba. Mu kuwa da mun ce "ɗan ƙwaya" mun gama da shi, ko mu kai shi gidan mari a sa masa sarƙa, ya fito da sabon ciwo a kan tsohon. Abin da ya riƙe Cash shi ne wasu mutane da suka ƙi tafiya, suka kuma ƙi yi masa ƙarya. June takan nemo ƙwayoyinsa inda ya ɓoye ta zubar. Tsayawa da mutum ba ya nufin ba shi kuɗin da ka san inda za su. Ka ci abinci da shi, ka ja shi masallaci, ka raka shi asibiti, ka gaya masa gaskiya ba a gaban jama'a ba.

Gargaɗi ɗaya game da irin waɗannan waƙoƙi. Akwai mai sa su a kunne ya rufe ɗaki, ya sha abinsa, yana jin ai ga wanda ya fahimce shi, har baƙin cikin ya zame masa ado. Wannan ya mai da magani guba. In waƙa ta nuna maka fuskarka, tashi za ka yi ka wanke ta. In kuma ka kai ga cutar da jikinka, ko tunanin rabuwa da duniya yana zo maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai, ka gaya wa wani a daren.

Da na kai nan ɗan ƙanwata ya yi shiru yana juya wayar a hannunsa. Can ya ce, "Kawu, akwai wani abokina. Lokacin jarrabawa ya fara, don karatun dare. Yanzu an gama jarrabawar amma ya kasa bari, kuma yana tsoron kada mahaifiyarsa ta ji." Ban tambayi sunan abokin ba. Na ce ya gaya masa ina da likitan da na sani, ranar Asabar da safe zan kai shi da kaina, kuma mahaifiyarsa ba za ta ji daga bakina ba sai ranar da shi ya shirya gaya mata. Ya ce to, ya yi mini sai da safe.

Ranar Asabar, ƙarfe bakwai da rabi, na ji sallamarsa a ƙofar gida. Na leƙa, shi kaɗai ne. Na ɗauko makullin mota na ce, "Mu je."